Filin Tambayoyin Mota: Zan Iya Sa Wa Ƙaramar Motata Babban Inji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, ya aiki ya iyali. Ni dai ina da Golf 3 mai injin 1.8, manuwal ce, kuma harkata tana yawan kai ni Abuja daga Jos, to wallahi duk sanda zan dawo in na iso Hawan Kibo sai motar ta dinga nishi har sai na koma giya biyu, yara da Corolla suna ta wuce ni abin yana min ciwo. Wani abokina yace in cire injin kawai in sa na VR6 mai fulogi shida tunda duk Golf ce zai zauna, har yace ya ga wani ɗan Beljiyam a kasuwa kuma kuɗinsa bai kai yadda nake zato ba. Bakanikena kuma yace aikin kwana biyu ne. Dan Allah a ba ni shawara kafin in zuba kuɗina. Mai karatu daga Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, lafiya lau alhamdulillahi. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, injin zai zauna, don ita kanta Volkswagen ta fitar da Golf 3 mai VR6 tun farkon shekarun 1990, inji ne 2.8 mai ƙarfin doki 174, naka kuma in lafiyarsa ƙalau doki 90 ne. Dabarar da suka yi ita ce sun matse silinda shidan nan a layi biyu da suke dab da juna, digiri 15 ne kawai tsakaninsu, tof ɗaya, wato murfin saman inji, ya rufe su duka, shi ya sa ya samu gurbi a gaban ƙaramar mota. Toh zama kam zai zauna. Maganar kwana biyun ce ban yarda da ita ba, kuma ina so ka sa a ranka cewa kuɗin injin da aka faɗa maka somin taɓi ne.

In ka ci karo da Golf VR6 ta asali a wani gareji ka tsuguna ka ƙirga notin tayarta, biyar zaka gani, taka kuwa huɗu ne. Ba don ado aka yi haka ba. Da kamfanin zai sa wannan injin sai da ya canza ƙafafun gaba dukkansu, hob da nokul da shaf da sifirin da shoka, ya sa faifan birki mai faɗin milimita 280 a gaba inda ƙananan suke zuwa da 239 ko 256, a baya ma ya cire dirom ya sa faifai. Mutanen da suka zana motar da hannunsu ba su yarda su ɗora wannan injin a kan ƙafa irin taka ba, to mu a kan me zamu yarda? Kuma ba su kaɗai ba ne, ko Carroll Shelby na Amurka da ya yi suna da wannan harkar, wanda a 1962 ya ɗauki ƙaramar motar Ingila AC Ace ya sa mata V8 na Ford aka samu Cobra, da ya zo sa mata inji mai lita 7 a 1965 sai da aka sake shasin da bututun ƙarfe masu kauri aka sake tsarin ƙafa baki ɗaya.

Mu bi kayan ka gani. Giyabos ɗinka bazai ɗauru da VR6 ba sam, bakinsu ba iri ɗaya ba ne, kuma ko da walda aka yi dabara aka haɗa su bazai kai labari ba, domin ƙarfin murɗawar injinka wajen Nm 145 ne na VR6 kuma 235. Dole ka sayi giyabos ɗinsa, shi kuma wannan da kebul ake jan giyarsa kuma kulocinsa na mai ne, naka giyar sanda ce da kuloci na waya, kaga kenan har liba da fedal sai an taɓa. Sai injin sit, sai lagireto da fankokinsa da tiyo tiyo ɗinsa, sai salansa tun daga bakin inji. Sai famfon mai, wannan mutane suna yawan mantawa da shi, 1.8 ɗin Golf 3 nozul ɗaya gare shi a sama yana aiki da ƙaramin matsi, da yawa ma a nan an riga an mayar da su kafireto, shi kuwa VR6 nozul shida ne suna son matsi wajen ninki uku, in ka bar tsohon famfo motar zata tashi amma da ka taka totur zata shaƙe, kuma ƙarancin mai a inji mai zafi yana iya ƙona fistin.

Sai babbar rigima, wayarin. Injin nan baya aiki sai da burenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da cikakkiyar wayarsa da sensa sensa ɗinsa, in kuma na shekarun baya bayan ne wajen 1995 zuwa sama akwai makulli mai cif da dole ya dace da burenbos ɗin in ba haka ba ta tashi ta mutu nan take. A nan ne aikin kwana biyu yake komawa wata biyu, mota tana yashe a gareji rana na dukanta, bakanike na cewa laifin rewaya ne rewaya na cewa laifin bakanike ne, kai kuma kana hawa acaɓa. Wayar da aka yayyanke aka ƙulla da salatif kusa da bututun mai kuwa ita ce ke kawo gobarar nan da muke gani a bakin titi, Allah ya kiyaye.

Kuma kar ka manta shi kansa injin tsoho ne, sa'an motarka ne. VR6 da sarƙa yake aiki ba bel ba, sarƙar kuma ta ɓangaren giyabos take, in robobin da take bi ta kai suka cinye sai an sauke giyabos kafin a kai gare ta. Gidan tamostat da bututun ruwan da ke gaban injin na roba ne, suna tsagewa in sun tsufa. Inji ne mai zafi a matsattsen wuri, a Jos da sauƙi, amma ranar da ka shiga go-sulo a Nyanya ko Mararaba cikin watan Maris zaka san ka sa shi. Wannan al'adar ta cire tamostat a jefar a ɗaura fanka dairek a zuba ruwan rijiya, VR6 baya yafe ta.

Amma ƙanena abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka ba hawan ba ne, gangarowar ce. Hawan Kibon da kake hawa in zaka dawo shi kake sauka in zaka tafi, kuma duk ɗan Filato ya san rayukan da wurin nan ya ci. Inji mai silinda shida na ƙarfe ya fi naka nauyi kuma duk nauyin a kan hancin motar yake, in ka shiga kwana da gudu zata dinga son miƙewa, in ka taka birki bayanta ya yi sakayau. Lissafin birki kuma baya tafiya yadda muke zato, motar da ke gudun 140 tana buƙatar kusan ninki biyu na filin da mai gudun 100 take buƙata kafin ta tsaya, zafin da faifai zai sha ma kusan ninki biyu ne, ƙaramin faifai in ya yi zafi fad ya daina kamawa, man birki in ya tsufa ya sha ruwa sai ya tafasa ka taka ka ji fedal ya tafi ƙasa babu komai. Babban inji zai kai ka wannan gudun cikin ƙiftawar ido ba tare da ka ji a jikinka ba, birkin kuma na doki 90 ne. Ga taya, wadda aka rubuta wa T iyakarta 190, H 210, V 240, kuma wannan in sabuwa ce kenan, ka duba lambobi huɗun nan na gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, da yawa daga tayoyin Beljiyam da muke sawa sun daɗe da tsufa.

Wani abu kuma, ninka ƙarfin inji baya ninka gudu. Golf 1.8 sabuwa tana kai wajen 180, VR6 da ya kusa ninka ta a ƙarfi wajen 224 yake tsayawa, sauran duk iska ce ke cinyewa. Kuma dokar hanya a Najeriya 100 ta ba motar gida a kan babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi. Kaga ashe ba gudu kake nema ba, ja kake nema a kan tudu da lokacin obatekin, shi kuma wannan akwai hanyar samunsa da bata kai wannan wahalar ba.

Kafin ka sayi komai, ka fara tambayar ina dokin nan 90 suka tafi, don na tabbata ba su cika ba yanzu. Yawancin Golf 3 sun haura shekara 25. Na farko ma Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iska ta fi sirantaka, duk injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ya hau, kenan kusan kashi 10 zuwa 12 sun tafi tun kafin a yi maganar tsufa, wannan ba laifin motarka ba ne. Ka kai ta a auna kwamfireshan na kowace silinda da geji, ba wai a sa hannu a bakin salansa a ce inji na da kyau ba. A duba taimin, a canza fulogi da wayoyinsu da iyakilina da filtar mai. A duba katalis ɗin cikin salansa wanda ake ce wa indomi, in ya toshe mota bata taɓa ja a tudu. A gwada kuloci, in kana giya huɗu ka taka totur inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba to yana sulɓi. A ɗaga motar a juya tayoyi da hannu ko birki na riƙewa. In an mayar da ita kafireto a duba ko an shaƙe ta ne don tsimin mai, ana yawan yin haka. In kuma ka sa mata manyan rim don gayu su ma suna cin nasu rabon. Sau da yawa bayan wannan aikin mutum sai ya ji kamar an canza masa mota. Kuma komawa giya uku ko biyu a Hawan Kibo ba abin kunya ba ne, don haka aka yi giyar.

In an yi duk wannan ranka bai kwanta ba, to shawarata ka hau mataki ɗaya kawai, injin 2.0 mai bawul 8 na Golf 3, doki 115. Dangin naka ne, gurbin zamansu ɗaya, yana ɗauruwa da irin giyabos ɗinka, nauyinsu kusan ɗaya, kayansa kuma ana samu a kasuwannin Dilimi ta Jos ko Panteka ta Kaduna ko Kofar Ruwa ta Kano kuma kanikawanmu sun san shi. Shi ma sai ka haɗa da wayarsa da burenbos da famfon mai, ka sa sabon kuloci, ka ɗaga birkin gaba zuwa 256 mai ramin iska in ba shi gare ka ba. Ƙarin doki 25 a mota mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai zaka ji shi sosai a tudu.

In kuwa ka ce kai dai VR6 ko ba komai, saboda na san akwai masu sonsa don kukansa kawai kuma ban ga laifinsu ba, to kar ka sayi inji tsirara. Ka nemi haf-kot, wato rabin gaban motar da aka yanko da komai nasa, ko wadda ta yi hatsari ta baya, yadda kowane noti da kowace waya zasu fito daga mota ɗaya, kuma a fara da ƙafa da birki kafin inji. In ka yi lissafin wannan da kuɗin aiki ka ajiye kusa da kuɗin sayar da taka ka cika ka sayi VR6 ta asali ko wata mota mai babban inji, inaga da kanka zaka zaɓi na biyun. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fulogi shida ba abin wasa ba ne ga mai zirga-zirgar Jos da Abuja, kar garin neman ƙiba a samo rama.

Ko wanne ka sa, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shagon, ka je ofishin lasin a gyara takardunka su dace da sabuwar lambar, ka sanar da kamfanin inshorarka. Inji mai arha da ba rasit yana iya zama na motar sata, kuma ranar da aka tare ka aka ga lamba ta saɓa kai za a riƙe ba mai shago ba.

TAMBAYA: Salam. Corolla ce da ni ta 2005 otomatik, injin ya buga, ana cikin neman wani sai mai gyaran yace tunda za a saya ne gara a sa na Camry 2.4 ya fi ƙarfi ya fi ƙarko. Ni makaranta nake kai yara sai kasuwa sai wurin aiki. In yarda? Wata baiwar Allah daga Kaduna.

AMSA: Hajiya kar ki yarda. Injin motarki 1ZZ ne mai 1.8, doki wajen 130, na Camry ɗin kuma 2AZ ne, gidansu daban. Giyabos ɗinki bazai kama shi ba, kuma a otomatik burenbos ne ke ba giya umarnin lokacin da zata canza, to in aka canza inji sai an canza giyabos da burenbos da waya da shaf da injin sit har da makulli, ga bututun AC da na sitiyari da duk sai an yi musu dabara. Gaskiya ne Toyota ta taɓa sa 2.4 a Corolla, wato XRS ta 2009 da 2010 a Amurka, amma wannan wata ƙirar jiki ce ba irin taki ba kuma daga kamfani ta fito da kayanta. Maganar ƙarko ma ba haka take kai tsaye ba, wasu 2AZ na wajen 2007 zuwa 2009 an san su da shan baƙin mai. Sannan abin da ke sa Corolla daraja a kasuwa shine kowa ya san ta kowane bakanike zai iya ta, ranar da kika zo sayarwa dillali ya buɗe bonet ya ga an yi mata dashe to kuɗinta ya faɗi.

Ki sa a nemo miki 1ZZ irin nata sak, a duba soket ɗin wayoyin su dace tun a shago, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ki tambaya me ya kashe na farkon. In ofahitin ne to lagireto ko fanka ko famfon ruwa na nan da ciwonsu suna jiran sabon, in rashin baƙin mai ne a gano ta inda yake tafiya. In ba a gano ba wata shida ma sabon bazai yi ba.

TAMBAYA: Ina gaisuwa Malam. Ina taksi da Starlet mai 1.3 ta kafireto, in na ɗau mutane da kaya bata ja. An ce akwai 1.5 da ke shiga. Direba daga Maraɗi.

AMSA: Ina amsawa ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. E akwai, kuma naka ya fi na sauran sauƙi. Injinka 2E ne, yana da 'yan'uwa a gida ɗaya, 3E da 5E masu 1.5 da suka zo a Tercel, gurbin zamansu da bakin giyabos duk sun yi kusa. 3E na kafireto shi ya fi maka sauƙi don ba ruwanka da burenbos, 5E kuma injekta ne sai da wayarsa da famfon mai mai matsi. Sun ɗan fi naka tsayi, a duba bonet da bakin salansa kafin a biya kuɗi.

Sai dai ka ji tsoron Allah a kan lodi, tunda rayukan mutane kake ɗauka. Starlet ko tan ɗaya bata kai ba, an yi ta ne don mutum biyar da ɗan kaya, rashin jan da kake ji wani lokacin motar ce ke gaya maka kayan sun fi ƙarfinta, in ka ƙara inji ka ƙara buhu birki da sifirin da bodin taya suna nan yadda suke. Ka sa sabon fad da shu na baya, ka zubar da tsohon man birki a sa sabo, a wanke lagireto sosai don zafin Maraɗi a watan Afrilu yana haura digiri 40, sannan ka kai kart griz ɗinka, wato takardar rajistar mota, a duba ko sai an gyara bayanin injin a ciki kafin ka koma layi.